Wadda Ba Ta Turo Murya Ba

Malama Irene tana tsakiyar gyaran jarrabawar 'yan aji biyar saƙon ya shigo. Tana gama karantawa jan biro ya suɓuce daga hannunta.

"'Yan uwa, zan dakatar da Littafin Mako sai wani lokaci. Na ƙarshe da zan bar muku labarin wata amarya ne da sarkin ruwa ya ɗauke, duk ranar da ta tuna gida sai kogi ya cika ya cinye gonar ubanta. Ku tanadi hankici. Ku yafe ni."

Anti Naja'atu ke nan ta Masanawa. Duk Alhamis ita ke zaɓo wa matan guruf ɗinsu na WhatsApp littafin da za su karanta, irin na aljanu da biranen ƙarƙashin ƙasa, waɗanda za ki shiga da dariya ki fito idonki a kumbure. Ba ta taɓa fashi ba, ko da Sallah. Sai wannan makon da Irene ta kafa doka.

Dokar kuwa da dalilinta. Hoton wata 'yar guruf ba ɗankwali ya ɓulla a wayoyin samarin tashar Gwarzo, kafin a ankara aurenta ya mutu. Ashe akwai ƙato a cikinsu yana fakewa da sunan mace. Irene ce shugaba, kuma ita idan ranta ya ɓaci bakinta ba birki. Ta ce kowa ta turo murya, ta faɗi sunanta da unguwarsu. Wadda ta ƙi, gardi ne, ɗan iska, kuma sai ta tona shi a gaban duniya.

Kowa ta turo, har masu mura. Mutum ɗaya ta rage: Anti Naja'atu.

Irene ta shiga tono a ranta. Anti Naja'atu ba ta taɓa ɗaga kira ba. Ka tura mata murya, sai ta ce, "Rubuto min, 'yar uwa." Hoton da ke kan lambarta na fure ne. Kuma wannan baiwar Allah da ba ta taɓa gani ba ita Irene ta zazzage wa cikinta kaf: yadda ta kusa barin mijinta Philemon bayan rasuwar ɗansu, abin da ta ce a kan hedimasta, har hoton tabon aikin da aka yi mata a ciki. Irene baƙuwa ce a garin nan na Gwarzo, daga Filato aiki ya kawo su. Idan abu ɗaya ya fita, ba aiki, ba aure, ba fuskar shiga coci.

Ana tashi daga makaranta ta tare ɗan acaba. Ba ta gaya wa kowa ba. Wa za ta gaya wa, ta ce masa me?

Hanyar Kabo ta yi mata tsawo. Dawa ta yi kai ta rufe gefe da gefe, ko gilmawar mutum babu. A Masanawa wata mai tallan gyaɗa ta nuna mata gida da baki, ta bi ta da wani irin kallo. Kafin ta ce wa ɗan acaba ya jira, ya juya ya tafi.

A ƙofar gidan wani dogon mutum mai gemu yana zaune a kan benci yana wasa lauje. Irene ta raɓe jikin bishiyar darbejiya, ta danna lambar Anti Naja'atu.

Aljihun mutumin ya kama haske. Ba ƙara, sai gurnani. Ya zaro wayar, ya duba, ya ɗago kai ya sauke idonsa a kanta.

"Ke ce Malama Irene?"

Duk zagin da ta taho da shi tun daga Gwarzo ya ɓace mata.

"Ni ne Hammadu. Bismillah, shigo."

"Malam, ni... daga nan ma ya isa."

"Kin yi tafiya, ai ba a tsaya a waje ba."

Bai ajiye laujen ba. Ta bi shi cikin soro mai duhu tana karanto Zabura a zuci, tana tuna cewa duk duniya ba wanda ya san inda take.

A tsakar gida wata siririyar mace tana zaune a kan tabarma, ta ba su baya, littattafai jibge a gefenta. Irene ta yi sallama. Shiru. Ta ƙara, da ƙarfi, har kaji suka watse. Matar ko motsi.

Hammadu ya jingine laujen, ya zagaya ya taɓa kafaɗarta a hankali. Ta waigo a firgice, idanunta jajur. Ya yi ta juya yatsunsa a gaban fuskarta, sannan ya nuna Irene. Matar ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na girgiza.

"Tun ranar dokar nan taku ba ta ci abincin kirki ba," in ji shi. "Ta damƙa min wayar wai in yi mata muryar, na ce tawa ta maza ce. Ita kuwa Naja'atu, ƙanwar nan tawa, tun da sanƙarau ya kama ta tana goye, ba ta ƙara jin komai ba, ba ta kuma taɓa furta ko kalma ɗaya ba."