Shaida Biyu Alƙali Ke So

"Sau nawa zan faɗa maka, Hadi?" Hure ta dire tiren gyaɗarta a gaban keken ɗinkina. "Azzalumin mijin nan nawa ya ƙi sakina. In na aure ka, aure kan aure ne, ɗaure mu za a yi."

"Ba ki nuna wa alƙali tabon dukan ba?"

"Na nuna! Wai sai shaidu biyu. Duk unguwar Aziziyya sun ji ihuna, amma wa ke da iƙama, takardar izinin zama a ƙasar nan, da zai shiga mahkama?"

Ni ma ba ni da ita. Na dubi tabon goshinta.

"Ki ba da sunana. Saura ɗaya."

Ta harare ni, idonta ya ciko. "In suka kama ka suka mayar da kai ƙasarmu, wa zan aura, sarkin wayo?"

Na rufe keken, na shiga unguwa neman mutum na biyu.