Rijiyar da Ke Hannun Dama

Injiniya ya ajiye katin a kan teburin yankan yadi da yatsu biyu, kamar mai gudun kada teburin ya shafa masa talauci. Bai zauna ba. Kujerar da Tela ya turo masa ƙafarta ɗaya a ɗaure take da ƙyalle, shi kuwa farin wando ya sa.

Shekara arba'in ya yi a birni kafin ya yi ritaya ya dawo, kuma tun da ya dawo bai ga abin da ya burge shi a garin ba. Titi ɗaya, kwata a buɗe, mutane su yini suna gaishe-gaishe. Amma duk cikinsu babu wanda ya raina kamar Tela, ɗan baffansa, mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa yana taka keke yana rage wa mutane tsawon wando.

Iyayensu maza tagwaye ne, kamar an tsaga kara. Gidaje biyu suka gina a jere iri ɗaya, da katanga a tsakani. In ka tsaya a titi kana fuskantarsu, na dama na Injiniya ne, na hagu na Tela. Rijiya tana ɓangaren Tela a jikin katangar. Da ruwanta matarsa ke wankau, a filin gabanta kuma shagon ɗinkin nan yake. Wannan filin ne Injiniya yake so, domin motarsa ta gaji da yini a rana.

Ya daɗe yana faɗa wa duk mai kunne cewa baffansa ne ya ture katanga ya ci iyaka, bayan mahaifinsa ya rasu ya bar shi yana ɗan shekara uku. Hujja ce babu. Sai ran nan, a wajen wani mai sayar da tsofaffin littattafai a birni, ya tono wani katin wasiƙa irin wanda matafiya ke aikawa gida a zamanin da, mai hoto a gaba da kan sarki a baya. Hoton titinsu ne. Ya koɗe ya yi ruwan ƙasa, amma ga gidajen nan biyu sababbi fil, ga katanga, ga rijiya a hannun dama ɓaro-ɓaro. A makon ya sa aka faɗaɗa hoton ya rataye a falonsa, sannan ya kai ƙara.

Yau jami'in filaye ya zo jin ta bakin kowa. Maƙwabta sun cika ƙofar shagon. Matar Tela na tsaye daga baya, hannunta da sauran kumfa.

Injiniya ya miƙa wa jami'in gilashin ƙara girma, ya shiga ba da darasi. Ya nuna mutumin da ke tsaye a ƙofar gidan dama, riga a goge, alƙalami a aljihu, agogo a hannu.

"Wannan mahaifina ne," in ji shi.

Ya ja yatsa zuwa ƙofar hagu, inda wani ke tsugune a ƙasa da yagaggiyar singileti, kwano a gabansa, hannu a baki.

"Wannan kuma ba sai na faɗa ba. Kyan ɗa ai ya gaji ubansa."

Babu wanda ya yi dariya, amma Injiniya ba ya buƙatar taimako wajen dariya. Ya ce a duba, da hagu ma mutumin yake ci. Ya nuna wasu dattawa biyu a bakin titi suna musabaha, su ma da hagu. Garin da tun fil azal bai san damansa daga hagunsa ba, in ji shi, ina zai san iyakar fili? Ya buƙaci jami'in ya rubuta cewa shi ya yarda da duk abin da katin ya nuna, domin hoto ba ya ƙarya. Aka rubuta, ya sa hannu da irin sa hannunsa mai cin rabin takarda.

 Tela ya cire allura daga bakinsa ya soke a hula.

"Yaya, ara mini gilashin nan."

Injiniya ya tura masa ba tare da ya dube shi ba. Tela ya sunkuya, ya daɗe. Bai ko kalli rijiyar ba, rigar mai alƙalami ya tsura wa ido. Takaici ya kama Injiniya: ana batun raba mutum da wajen cin abincinsa, shi yana nazarin ɗinki.

"Shekara hamsin ina ɗinka riga," in ji Tela a hankali, "ban taɓa sa wa namiji aljihu a dama ba. Maɓallan ma a baibai suke."

Ya ɗauki katin ya nufi dogon madubin da masu gwada kaya ke duba kansu, ya juya hoton ya fuskanci madubi. Jami'in ya taso ya leƙa ta kafaɗarsa, ya gyara tabarau.

"Wanda ya wanke hoton nan kifa fim ɗin ya yi," in ji shi.

Injiniya ya matso. A cikin madubin dattawan nan biyu suna musabaha da dama kamar kowa, aljihu ya koma mazauninsa, rijiya na hagu inda take tun ranar da aka haƙa ta, mai alƙalami da agogo na tsaye a ƙofar gidan Tela. Mai yagaggiyar singileti kuwa, da kwanonsa, a ƙofar gidan Injiniya yake tsugune.