Miyar da Ba a Dafa Ba

Kin ce sai baɗi za ki je ganin gida, ko? To zauna, 'yar nan, in ba ki misali. A wani ƙauye an yi wata mata da ta san naman kaza, wannan mai tsirowa a daji da damina, kamar yunwar cikinta. In damina ta kankama aka kwana ana ruwa, da hantsi sai ta ɗauki ƙwarya ta nufi daji, 'yarta na biye da ita. Akwai ƙanana farare masu fitowa a gindin suri, akwai kuma masu kama da su a cikin ciyawa da jikin ruɓaɓɓen kututture, masu kai mutum lahira. Ba ta taɓa fizgar ko ɗaya ba. Sai ta durƙusa ta tona da tsinke, ta dubi saiwar, ta juya ƙarƙashin hular, ta sansana, sannan wannan ya shiga ƙwarya, wancan ta wurga shi baya. Ita kuwa 'yar tana can tana bin fara. In uwar ta ce ta zo ta gani, sai ta ce gobe. Da yamma a dafa da daddawa da 'yar gyaɗa, ƙamshi ya tsallake danga, maƙwabta su ƙirƙiro dalilin sallama. Kai, an ci daɗi a lokacin nan, har yau in na tuna irin miyar sai yawuna ya tsinke.

Aure ya kai 'yar can birni, zuwa gida ya koma na biki da ta'aziyya, har uwar ta rasu. Wata damina aka aiko wa 'yar cewa tsohon mahaifinta ya kwanta, ba ya cin komai. Da ta iso, abu ɗaya ya roƙa, miyar naman kaza irin ta marigayiya. Ta ɗauki ƙwaryar uwar ta shiga daji. Surin na nan, kututturen na nan, fararen sun fito fal, ta tsinta har ƙwarya ta cika. Sai ta durƙusa ta juya ɗaya kamar yadda uwar ke yi, ta sansana, ta rasa me ake nema. Ta tuna launin zanen uwar, ta tuna waƙar da take yi ƙasa-ƙasa, amma abin da idon uwar ke dubawa ya ɓace mata. Ta zaga gari da ƙwaryar. Tsararrakin uwar duk sun kwanta dama, matan yanzu suka ce su dunƙulen kanti suka sani. Tsohon kuma idonsa ya dushe, dama can a akushi ya san abin. In ta dafa, wataƙila ta kashe ubanta da hannunta. In ta bari, ta hana shi abin da ya roƙa. Ta koma gindin surin ta juye, ta yi kukan da ba ta yi ba ranar jana'izar uwar. Ta kaɗa masa miyar kuka, ya ɗanɗana, ya ajiye, ya ce, "Ba komai, Allah ya yi miki albarka." Bai ga wata daminar ba.

Tsohuwarki na nan da ranta, idonta garau, ƙwaryarta a rataye. Ki je tun ana ruwa, ki durƙusa kusa da ita. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, kowa ya bar gida, gida ya bar shi.