Maƙerin da Ya Tsuguna

Tunda kai ma an sa maka ƙarfe a kwatangwalo, kuma na ga har ka fara harar wannan doguwar kujera, bari in ba ka misali. Akwai wani maƙeri da ƙashin kwatangwalonsa ya cinye, ya yi shekara uku yana jan ƙafa, har zama gaban maƙera ya gagare shi. Da ƙyar ya yarda aka yi masa tiyata, aka cire ƙashin da ya lalace, aka sa na ƙarfe. Ranar sallama likita ta ja masa kunne, ta ce wata uku ba tsuguno, ba tanƙwashe ƙafa, ba zama a tabarma. Shi kuwa gogan sai ya yi murmushi, wai shi za a koya wa halin ƙarfe? Ta ce ai ba ƙarfen take ji wa tsoro ba, naman da zai riƙe shi ne bai kama ba tukuna. Abin takaici, ya fi kowa sanin wannan, don bai taɓa sa ruwan fartanya a ɗanyar ƙota ba. Duk da haka ya daure. Sati biyar yana kan doguwar kujera a zaure, ciwo ya tafi, ya ajiye sanda ɗaya, har ya fara aika a tanadar masa gawayi.

Ana nan, wata ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, sai ga tsohon da ya koya masa ƙira ya zo dubiya, ya zauna a tabarma. Maigida a ƙasa, yaronsa a sama! Maƙeri ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Tsohon ya lura, ya ce masa, "Yi zamanka, ɗana, lalura ce." Da an tsaya a nan, da shi ke nan. Sai wani maƙwabci mai bakin tsiya ya yi dariya ya ce, "Lallai ƙarfen asibiti ya fi na maƙera, tunda har ya hana gaida manya." Maƙeri ya jingine sandarsa, ya zame daga kujera, ya tsuguna gaban maigidansa. Duk wanda ke zauren ya ji ƙarar gocewar ƙarfen, kafin ma a ji ihunsa.

Aka mayar da shi asibiti aka gyara, ya sake gocewa. Aka sake yankawa, wurin ya yi ruwa, ya ƙi warkewa, daga ƙarshe dole aka cire ƙarfen gaba ɗaya. Ni na gan shi da idona, kuma har yau in na tuna sai zuciyata ta ɓaci. Ƙafar ta gajarce, maƙerar ta yi tsatsa, zuga-zugi ya zama gidan ɓera. Tsohon ya rasu bayan shekara, maƙeri bai iya raka gawarsa ba. Mai bakin tsiyar kuwa ko sau ɗaya bai sake leƙo zauren ba. Yanzu maƙeri na kwance a tabarma, kowa ya shigo sai ya sunkuya kafin ya gaishe shi.

Don haka in baƙi sun zo, ko wane ne, ka gaishe su daga kan kujerarka, mai magana ya yi ta yi. Hausawa sun ce garin neman gira a rasa ido.