Tarin Aisami

Abatcha ya gama jawabi a gaban dattawan ƙauyensu da ke gefen Gure, ya zauna yana gyara riga. Tun rasuwar mai gari ya bar taba da goro, haƙora fes, magana kuwa sai ka ce zuma.

Ƙanensa Aisami, abokin takararsa, ya miƙe da lofe a hannu. In'ina ta riƙe shi, tari ya sarƙe shi, ko sallama bai ƙarasa ba.

Dattawa suka ce Aisami za a kai wa Kumandan, Baturen mulki, ya naɗa shi mai gari.

Abatcha ya bi babbansu, Baba Umara, har zaure.

"Baba, me na rasa? Lafiya ko baki?"

"Su suka kayar da kai, ɗana. In Kumandan ya nemi sunayen samarin aikin dole, tsaf za ka jero masa su, gobe ma ya kira ka. Aisami kuwa, kafin ya fitar da suna ɗaya, Bature ya toshe hanci ya kore shi."

Tsohon ya miƙa masa lofensa.

"Ungo, fara koyo. Tarin nan ba zai bar ƙanenka ya daɗe ba."