Gurbin Zuwaira

Alhaji Ja'afaru ya sa aka kashe fanka don kada ƙararta ta danne addu'a, duk da cewa zafin unguwar Agege ta Legas na yammacin nan ya isa ya dafa ƙwai.

A gidansa ba a duba sakamakon neman jami'a a tsaitsaye. Ko da sunaye sun fito tun Talata, sai an jira Asabar bayan la'asar, kowa ya hallara a falo, ya ja Fatiha, sannan ya danna wayarsa da yatsan dama. Wanda ya leƙa kafin nan ya yi rashin ɗa'a. Haka aka yi wa babban ɗansa Ridwanu shekara tara da suka wuce, aka dace, shi ke nan Alhaji ya riƙe tsarin gam, ba mai iya tanƙwara shi.

Yau ta Zuwaira ce, autar gidan, kuma karo na uku ke nan. Makinta na bana ya fi na bara, na bara ya fi na bara waccan. Harhaɗa magunguna take so ta karanta a Kano. Ƙawayenta da a makaranta suke kwafar aikinta har sun shiga aji uku, ita kuwa tana nan tana gaishe su idan sun zo hutu. Alhaji ya riga ya yanke magana: bana ce ta ƙarshe. In ba a dace ba, sai ta bi mahaifiyarta shagon atamfa a kasuwar Jankara, ta koyi awo da ciniki.

Mahaifiyar, Hajiya Dije, tana zaune a bakin kujera da carbi. Wata biyu ke nan tana azumin Litinin da Alhamis, har ta rame. Addu'arta ɗaya ce kullum, Allah ya zaɓa musu abin da ya fi alheri. Mace ce mai saurin hawaye, musamman tun da Ridwanu ya tafi karatu Arewa, ya sami aiki, ya yi aure a can, ya koma murya a waya ranar Sallah. Yanzu da Zuwaira take hira, da ita take cin abinci a kwano ɗaya, ita ke shafa mata man zafi a gwiwa idan motar haya ta danfo ta jijjiga ta.

Zuwaira ta shirya komai. Ta tuna wa Mama ta zo da tsohuwar wayarta, don da layin aka yi mata rajista tun ba ta da tata, kuma ta nan ake tura kalma guda idan gurbi ya fito, ko ta karɓa ko ta ƙi. Alhaji ya yi dariya, ya ce wanda zai ƙi gurbin jami'a a ƙasar nan sai dai a kai shi asibiti. Ya kuma tsokani matarsa, ya ce waya a hannun Dije ado ce, ban da koren maɓalli ba abin da ta sani. Hajiya ta yi murmushi, ta gyara wayar a cinyarta, ta ce idan lokaci ya yi za ta miƙo.

Aka shafa Fatiha.

"Oya, bismillah," in ji Alhaji, ya danna.

Shafin ya tsaya yana juyi. A waje wani mai okada yana ta ashar da Yarbanci. Zuwaira ta ji tsoro irin wanda ba ta taɓa ji ba, ta damƙe gefen hijabinta. Alhaji ya matso da wayar kusa da tabarau, ya karanta, ya sake karantawa, sannan ya kife ta a kan tebur.

Babu gurbi.

Faɗa ya kama yi, irin wanda ya yi bara. Ya ce shi ya san inda matsalar take. Kakansa soja ne da aka sauke a Ikko tun zamanin Turawa, an haifi ubansa a nan, an haife shi a nan, amma a takarda har gobe su baƙi ne. A can Kano kuma, da sun buɗe baki sai a ce 'yan Legas. Nan a ture su, can a ture su. Ya yi ta yi har muryarsa ta dushe.

Zuwaira ba ta yi kuka ba. Baƙin cikin ya wuce na kuka. Mama ce ta fashe, kuka mai cin rai, kafaɗunta suna rawa, har yarinyar ta manta da nata ta rarrafa ta rungume ta.

"Mama, don Allah ki bari. Kin yi iya ƙoƙarinki. Litinin zan biyo ki shago, ba inda za ni."

Hajiya ta ƙanƙame ta, ta daɗe ba ta sake ta ba. Daga baya ta ce kanta yana sarawa, ta shiga ɗaki ta tura ƙofa.

Ta jawo gwangwanin zare da allura daga ƙarƙashin gado, ta zaro wata 'yar takarda da ta yi laushi don naɗewa. Wata mai shagon intanet ce ta rubuta mata ita a can unguwar Oyingbo, inda ba wanda ya san ta. Ta yayyaga ta ƙanana. Tunda Alhaji ya ce babu karo na huɗu, ba za ta sake buƙatar kwafar kalmar ƙin karɓa harafi bayan harafi ba, kamar yadda ta yi ranar Talata, da bara, da bara waccan, duk sanda saƙo ya shigo layinta cewa an ba Zuwaira gurbi a Kano.