Fuskar da Na'ura Ta Cike

Tun da aka hana tafiya tsakanin jihohi, a cikin wasan tseren mota na intanet kawai Malam Tanimu ke ganin ɗansa Nafi'u. Intanet ɗin unguwarsu ba ƙarfi, rabin hoto ke isowa, na'ura ta cike sauran.

Yau Nafi'u, da ciwo ya ramar, har kumatu ya yi a hoton.

"Ka warke kuwa?"

"Ba ga ni ba, Baba?"

Malam Tanimu ya kashe gyaran hoton. Mota ta fara cijewa, fuskar ta dagule, amma ya ga ƙashin wuyan Nafi'u a waje.

"Baba, mayar mana, za mu faɗa rami."

Ya mayar. Wani kyakkyawan yaro mai muryar Nafi'u ya yi masa murmushi, suka ci gaba da tafiya.